Filin na surukina ne, ginin na mijina: ina makomar marayuna?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 38, ina zaune a Ɗorayi nan cikin Kano da 'ya'yana huɗu, maza biyu mata biyu, babban shekararsa 15. A 2013 mahaifin maigidana, Alhaji, ya nuna masa wani filinsa ya ce ya gina ya zauna da iyalinsa. Shekara uku muna ginin, shi yana kasuwa ni ina ɗinki. Da aka zo rufi kuɗi ya yanke, na sayar da sarƙata da awarwarona na gwal, na haɗa da ɗaukar adashe aka sa kwano. Muka tare a 2016. Allah ya yi wa maigidana rasuwa a 2021, ba a raba gadonsa ba, Alhaji ya ce a bar yara a gidansu. Bara shi ma Allah ya karɓi abinsa. Yanzu yayan maigidana da ƙannensa sun zauna rabon gado, sun sa gidan a lissafi. Sun ce takardar fili da sunan Alhaji take, tana hannun Yaya, kuma 'ya'yana ba su da gadon kakansu tunda ubansu ya riga shi rasuwa. Har dillali ya zo ya zagaya gidan. Sun ce za su kama mana haya ta shekara biyu don zumunci, in sa hannu a takarda. Hajiya mahaifiyarsu tana raye, kuka kawai take yi. Ina tsoron kotu, ina kuma tsoron a ce na raba yara da danginsu. Da gaske ba mu da komai?

Maman marayu, Ɗorayi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki da Alhaji, ya kai haske kabarinsu, ya raya abin da suka bari. Kuna da haƙƙi a gidan nan, kuma ba ɗan kaɗan ba. Sai dai wurin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki shi ne zuwan dillali, domin dillali ba ya zagaya gida sai magana ta riga ta yi nisa. Saboda haka zan fara da abin da ba ya jira: kada ki sa hannu a kowace takarda, kada kuma ki kwashe kayanki, ko da an kawo miki mukullin gidan hayar har tsakar gida. Takardar da aka miƙo da sunan taimako tana iya ɗauke da layi ɗaya da ke cewa kin yarda zaman alfarma kuke yi, kuma layin nan kaɗai ya isa ya wahalar da 'ya'yanki shekara da shekaru. Ba ina cewa nufin baffanninsu ke nan ba. Amma ko da zuciyarsu fara ce tas, mafi yawan abin da ake magana a kai na marayu ne, ba naki ba ne balle ki yafe. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke aiki da ita, dukiyar maraya tana hannun wanda uba ya bar wa wasiyyar kula da ita, in babu shi sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Zama uwa ko baffa kaɗai ba ya ba mutum ikon sayar da ita ko sarayar da ita. Wannan garkuwa ce a gare ki. In an matsa miki, ki sunkuyar da kai ki ce, "Yaya, ni ba ni da ikon sa hannu a kan abin yara, sai yadda shari'a ta ce."

Ga gaskiyar da ke cikin maganarsu kuma, gara ki ji ta daga bakina da ki ji ta a gaban alƙali ba shiri. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gadon kakan muddin kakan ya bar ɗa namiji a raye. Baffanni suna kange 'ya'yan ɗan'uwansu. Ƙofa ɗaya da ta rage ita ce wasiyya, in Alhaji ya bar musu, wadda ba ta wuce sulusin dukiyarsa. A tambaya, ko ya rubuta ko ya faɗa a gaban mutane. In babu, kada ki ɓata ƙarfinki wajen nema wa yara kaso a gadon Alhaji. Inda za ki kafa ƙafa daban ne: shin gidan nan dukiyar Alhaji ne da har zai shiga gadonsa? Ba a raba wa magada sai abin da mamaci ya mallaka ranar da ya cika. Bisa abin da kika rubuta, Alhaji bai sayi bulo ko ɗaya ba a ginin nan. To ta wace hanya ginin ya zama nasa?

A nan ne za a ɗaga miki takarda, kuma ya kamata ki san ƙarfinta, don tana da shi. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi a cikin birni izinin zama ne da cin moriya, galibi na shekara 99 in filin gida ne, kuma takardar da ake kira C of O shaidar wannan izinin ce. Sashe na 15 na dokar ya ba mai riƙe da izinin iko a kan duk abin da aka gina a filin tsawon wa'adinsa. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga dokar Ingila, cewa duk abin da aka kafa a ƙasa ya bi ƙasar. Wato a idon ma'aikatar ƙasa da banki da mai saye, gida na wanda sunansa ke jikin takardar fili ne. Shi ya sa mai takarda yake iya kai ta banki jingina, ko ya nuna wa mai saye, alhali wanda ya zubar da guminsa yana cikin gidan bai san wainar da ake toyawa ba. Ko da gwamnati ce ta karɓi wurin don faɗaɗa titi, diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da abin da aka raya filin da shi, amma sunan da ke cikin fayil shi za a fara kira. Wanda ya ga rusau ɗin shagunan Filin Idi a watan Yunin 2023 ya san cewa da zarar jayayya ta taso a kan asalin fili, gini komai tsadarsa yana cikin haɗari.

Duk da haka, ko a kotunan boko ba a bin ƙa'idar nan ido rufe. Mai filin da ya ba da izini da bakinsa, ya tsaya yana kallo ana narka dukiya bai ce uffan ba, kotu tana iya hana shi da magadansa su zo daga baya su kwashe a banza. Balle ku da maganarku ta gado ce da kyauta tsakanin Musulmi, kuma fiƙihu ya daɗe da sanin cewa fili yana iya zama na wani, gini na wani.

Komai ya rataya ne a kan tambaya ɗaya. Ranar da Alhaji ya kai ɗansa filin nan, me ya ce masa? "Na ba ka," ko kuwa "ka gina ka zauna"? A kunnenmu duk ɗaya ne, domin kunya da kara ba sa barin ɗa ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, kyauta ce ko aro? A rubuta." Wane ɗa ne zai iya? Amma a wurin alƙali kalmomin nan biyu hanya biyu ce, kowacce da inda take kaiwa.

In kyauta ce, zance ya kusa ƙarewa. Kyauta tana cika ne idan wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, kuma babu riƙon da ya fi mutum ya haƙa tushe, ya ɗora gini, ya tare da iyalinsa, uban yana zuwa ganin jikoki a ciki shekara biyar. Rubutu ba sharaɗin kyauta ba ne a fiƙihu, ko da yake canjin suna a takarda yana nan yana jira, kuma dokar ƙasa ta ce sai da amincewar gwamna. Idan kyautar ta tabbata, fili da gini duka gadon mijinki ne, ba su shiga lissafin Alhaji ba. Nauyin kawo hujja kuwa a wuyanku yake, tunda ku ne masu da'awa. A abin da ya shafi dukiya ana karɓar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ki koma kan wasiƙarki: kin ce Alhaji ya ce a bar yara a gidansu. Gidansu ya ce. A ina ya faɗa? A zaman makoki ne, ko ranar addu'ar bakwai? Su wa ke zaune a tabarmar? Liman yana nan? Aminin Alhaji da suke zuwa masallaci tare fa, bai taɓa jin ya ce "filin da na ba wa wane" ba? Tsofaffi suna yawan faɗin irin wannan a hira. Waɗannan mutanen su ne dukiyarki yau, sun fi duk wani rasit.

In kuma shaidu ba su kai ga tabbatar da kyauta ba, aka tsaya a kan cewa aro ne, har yanzu ba ku tashi a tutar babu ba. Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa kuma alƙalai suke komawa gare shi, ya yi maganar wanda aka ara wa fili ya yi gini ba a yanka masa wa'adi ba. Mai fili ba shi da ikon fitar da shi kafin ya ci moriyar ginin gwargwadon abin da aka saba, sai ya biya shi. Ko abin da ya kashe za a biya, ko ƙimar ginin, duka maganganun biyu sun zo, alƙali ne zai duba. Sai bayan wa'adi ya cika ne mai fili yake da zaɓi tsakanin ya ce a kwashe ginin ko ya biya ƙimarsa a rushe. A ganina babu mai adalcin da zai ce gidan siminti da aka tare a 2016 ya gama cin zamaninsa.

Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo wani tsari da nake so ki riƙe, don shi ne ya fi dacewa da teburin sulhu. Mutum ya yi gini a fili yana zaton nasa ne, daga baya mai haƙƙi ya bayyana. Sai a ce wa mai fili ya biya ƙimar ginin a tsaye. In ya ƙi, sai a ce wa mai gini ya biya ƙimar fili kamar babu komai a kansa. In shi ma ya ƙi, sai su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon ƙimar abinsa. Har wanda ya yi ƙwace ƙiri-ƙiri ya gina, hukuncinsa shi ne ya kwashe gininsa, ko mai fili ya biya shi kuɗin kayan a rushe bayan an cire ladan mai rushewa. To in maƙwaci ma ba a cinye masa kwanonsa da ƙofofinsa a banza, ina ga ɗan da mahaifinsa ya kama hannunsa ya kai shi wurin? Hayar shekara biyu ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan hukunce-hukuncen.

Akwai wanda zai ce miki ai kun haura shekara goma da kama wurin, hauzi, wato mallakar da ake samu ta daɗewa ana riƙe da wuri ba wanda ya yi jayayya, ya ba ku. Kada ki dogara da wannan. Shekara goman tsakanin bare da bare ne, ba ta aiki tsakanin dangi da surukai, kuma wanda ya shiga wuri da aro daɗewa ba ta mayar masa da shi mallaka.

Sai gwal ɗinki. Mata da yawa suna jin nauyin ambaton abin da suka sa a gidan miji, sai su ce ai don Allah suka yi. Ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah yadda kuka yi da marigayi. In kyauta kika ba shi, ta shiga dukiyarsa, Allah ya ba ki lada. In rance ne, bashi ne a kansa, kuma ana biyan bashi kafin a raba gado. In kuwa kun yi da shi cewa kina da kaso a gidan, to tarayya ce, kuma ta fi rance amfani a gare ki nesa ba kusa ba, don rance adadin kuɗin da kika bayar za a mayar miki, alhali kuɗin da ya rufe gida a wancan lokacin yau ba zai rufe rabinsa ba. Ki faɗi wanda ya faru, kada ki zaɓi wanda ya fi tsoka, domin ana iya kai ki ga rantsuwa.

Kuskuren da aka yi tun 2021 shi ne barin gadon mijinki ba a raba ba. An yi shi ne da kyakkyawar niyya, amma shi ya haifar da wannan cakwakiyar, kuma da shi za a fara gyara. Bari in yi miki misali da lissafi, ba don na san kuɗin gidanku ba. A ce an ƙiyasta fili naira miliyan 10, gini miliyan 15, kuma an tabbatar miliyan 3 na ginin naki ne. Saura miliyan 12 shi ne gadon mijinki, za a kasa shi 24. Ke kina da tumuni, kashi 3, miliyan 1 da rabi. Hajiya tana da sudusi, kashi 4, miliyan 2. Alhaji ma yana da sudusi tunda yana raye lokacin da ɗansa ya rasu, miliyan 2. Ragowar kashi 13, miliyan 6 da rabi, na yara ne, namiji rabon mata biyu. Kin ga ke nan sudusin Alhaji ya koma cikin gadonsa, don haka baffannin suna da ɗan rabo ko a ginin, kuma ko da an tabbatar da kyautar fili wannan sudusin yana nan. Ki faɗi wannan da bakinki tun kafin su faɗa. Wanda ya fara amsa haƙƙin wani a kansa ya fi samun kunnen mutane in ya zo neman nasa. In kuma aka ƙare a kan fili nasu gini naku aka sayar gaba ɗaya, a wannan misalin kashi 2 cikin 5 na kuɗin ne zai tafi ga fili, kashi 3 ga gini.

Na taɓa raka wata ƙanwar mahaifiyata irin wannan zaman, shekarun baya. Ta fito da wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai rasit-rasit ƙunshe a leda, na siminti da na rodi da na katako. Da muka baje su a tabarma, rabinsu tawadar ta koɗe, sai farar takarda da tambarin shago. Ta zauna tana juya su ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana ɗiga a kai. Abin da ya cece ta wani tsohon magini ne da muka nemo da ƙyar, ya tsufa har ba ya fita sai a ƙofar gida. Ya sa jikansa ya ɗauko masa wani ɗan littafin aljihu da gefensa ya cinye, ya buɗe, ga shi ya rubuta da ajami yawan bulon kowane ɗaki, da ranar da aka zuba linta, da sunan wanda yake ba shi kuɗin aiki duk ranar Alhamis. Ya faɗi abin da ya sani a gaban mutane. Bai kai damina ta gaba ba ya rasu. Tun daga ranar nake gaya wa duk mai irin matsalarki cewa shaidu ba sa jira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ki nemo maginin da ya yi muku aiki, da kafintan da ya buga kwano, da mai gidan bulo, da mai shagon da kika sayar wa gwal, da uwar adashenku. Ki duba sunan da ke kan mitar KEDCO. In an taɓa karɓar izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, da sunan wa aka karɓa? Tsohuwar wayar marigayi, in tana nan, kada a goge ta, kuma banki yana iya fitar da bayanan kuɗin da ya tura wa masu kaya. Hotunan ginin yana tashi da na walimar tarewa ma suna da amfani. Ki yi kwafin komai, ki kai takardun asalin can gidanku, wurin mahaifinki ko wanki. Shaidar wanda ba shi da abin da zai samu a gidan ta fi ƙarfi, shi ya sa na fi ƙarfafa miki maƙwabta da liman da ma'aikatan gini a kan dangi na jiki.

Game da dillali, ki sa wani namiji babba daga danginku ya same shi ya gaya masa cikin mutunci cewa gidan akwai haƙƙin marayu a ciki kuma ba a raba ba. A sanar da mai unguwa haka nan, don da wuya mai saye ya biya kuɗi bai bi ta wurinsa ba. Ban so ki fara da rubuta "ba na sayarwa ba ne" a jikin katanga, don tozarci ne ga baffannin a idon unguwa, kuma yana rufe ƙofar sulhu. Ki bar shi sai in an ƙi ji. Ki nemi Yaya ya ba ki kwafin takardar filin, a gane ko awon gwamnati ne mai fayil a Ma'aikatar Ƙasa da hukumar adana bayanan filaye ta KANGIS, ko awon igiya ne mai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. In mai fayil ne, lauya zai iya rubuta wa ma'aikatar cewa akwai jayayya a kan filin, kuma kotu tana iya ba da umarnin a dakatar da sayarwa har a gama shari'a.

Na ce lauya, kada gabanki ya faɗi. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, Legal Aid Council, tana da ofishi a Kano, haka ma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kuma suna tsaya wa marasa ƙarfi. Dalilin da ya sa nake so ki gan su kafin ki shigar da ƙara shi ne zaɓen kotu. Rabon gado da kyauta da wasiyya da kula da dukiyar maraya hurumin kotunan shari'ar Musulunci ne, irin su babbar kotun da ke Ƙofar Kudu, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa ɗaukaka ƙararsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Amma in aka tsara ƙarar a matsayin jayayyar mallakar fili zalla, a kan filin da gwamna ya ba da izininsa, sashe na 39 na dokar 1978 ya ce Babbar Kotun Jiha ce kaɗai take da hurumi. Mutane sun sha yin shekaru suna shari'a, su yi nasara, a je sama a rushe hukuncin don kawai an fara a kotun da ba ta da hurumi. A fahimtata ƙofarki ita ce neman a raba gadon mijinki a kuma naɗa mai kula da rabon yara, a lissafa gidan a ciki. Daga nan maganar kyauta ko aro za ta taso da kanta a inda ya dace.

Kafin kotu, a gwada zama. Mai unguwa, dagaci, har hakimi suna sasanta irin wannan kullum, Hukumar Hisbah ma tana yi, kuma akwai zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha. Abin da zan so ki je da shi zaman shi ne buƙata ɗaya bayyananniya: a kawo ƙwararren mai ƙiyasta gidaje da kowa ya yarda da shi, ya yi wa fili kuɗi daban, gini daban. In da hali, ku ku sayi rabonsu a biya a hankali, ko da sai an yanki shago a jikin gidan an sa haya. In babu hali, a sayar tare a raba bisa ƙima, a saya wa yara ƙaramin gida da sunansu. A tuna wa baffannin aya ta 8 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki a kuma gaya musu magana mai daɗi. Sau da yawa in aka karanta ta a gaban dattawa, za ki ga wani ƙanin ya ce ya bar wa yara nasa kason na filin. Hajiya ma tana da sudusinta a gadon ɗanta da rabonta a gadon Alhaji, kuma tana da ikon ba jikokinta in ta so. Amma kada ki ɗora mata nauyin zaɓa tsakanin 'ya'yanta da jikokinta, kukan da take yi ya ishe ta.

Abu ɗaya ne ba zan so ki karɓa ba, ko da ya zo da fuskar alheri: a ce "shi ke nan, ku ci gaba da zama, ai duk ɗaya ne," a tashi ba a rubuta komai ba. Irin wannan maganar ce ta kawo ku inda kuke yau. Alhaji ya faɗe ta da zuciya ɗaya, ga shi ba ya nan balle ya fassara ta. Yaya ma ba zai dawwama ba, kuma 'ya'yansa ba za su ji nauyin 'ya'yanki kamar yadda shi yake ji ba. Tun ran gini ran zane. Ko dai fili da gini su haɗu a hannu ɗaya a canza sunan takarda, ko a rubuta ƙarara na wane ne fili, na wane ne gini, zaman na shekara nawa ne, me za a biya in an tashi rabuwa. Duk abin da aka daidaita a kai, a kai shi gaban alƙali ya tabbatar, saboda akwai ƙananan yara a ciki.

Tsoron da kike yi na a ce kin raba yara da danginsu, na fahimce shi, kuma za a faɗa ɗin, wata gwaggo ba za ta rasa faɗa ba. Amma kai rabon gado gaban alƙali ba gaba ba ce, gidajen mutunci da yawa a garin nan haka suke yi don kowa ya fita haƙƙin wani. Kina kare baffannin ne ma daga shigar da dukiyar maraya cikin tasu ba su sani ba, abin da aya ta 10 ta wannan surar ta yi kashedi mai tsanani a kai. Ki ci gaba da tura yaran gaisuwa ranar Juma'a kamar yadda suka saba. Kada ki zagi baffanninsu a gabansu, kada kuma ki sa babban cikin rigimar, shekara 15 bai isa ɗaukar wannan ba.

A makon nan ki je wurin Hajiya bayan Magariba tare da mahaifinki ko wanki, ki gaya mata da bakinki cewa ba faɗa kike nema ba, so kike a raba gadon ɗanta a fitar wa kowa nasa, har da nata. Washegari ki fara cigiyar maginin.